Ku Tambayi Likita: Wa ke ƙirga masu shanyewar ɓarin jiki da ake kwantarwa a asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya jama'a. Ni 'yar Aboabo ce nan Kumasi, kawuna ne ɓarin jikinsa ya shanye bayan la'asar muka kwashe shi sai Gee, wato asibitin Komfo Anokye, to da naga yadda ɗakin ya cika da masu irin ciwonsa wallahi hankalina ya tashi. Dan Allah ta yaya ake sanin yawan mutanen da ciwon nan yake kwantarwa a ƙasa baki ɗaya? Don a layinmu kaɗai akwai mutum biyu da suka shanye kuma ba wanda ya taka asibiti a cikinsu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya baiwa kawu lafiya, sannunku da jinya.

Lissafin kansa ba wuya. Ana tattara duk waɗanda aka kwantar saboda ciwon a shekara ɗaya, daga manyan asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu da Tamale har ƙananan asibitocin gunduma, sai a raba da yawan mutanen ƙasa a fitar da ko mutum nawa ne cikin kowane 100,000. Ƙidayar 2021 ta ce mu miliyan 30.8 ne a Ghana. Asibitoci suna tura rahotonsu cikin kwamfutar hukumar lafiya da ake kira DHIMS2, ana kuma iya duba takardun inshorar NHIS.

Wurin tattarawar ne ake shan wahala. Mutum ɗaya sai a fara kwantar dashi a ƙaramin asibiti, washegari a turo shi Gee, in ba a kula ba an rubuta shi sau biyu kenan, haka wanda ciwon ya sake bugawa bayan wata shida ya dawo, sabo ne ko tsoho? Sannan ba ko'ina ke da na'urar hoton kai ta CT ba, kuma in babu hoton da wuya likita ya tabbatar ko jijiya ce ta toshe ko fashewa tayi jini ya zuba a ƙwaƙwalwa.

Amma abinda yafi damuna shine mutum biyun nan na layinku. Su basa cikin kowane lissafi. A zango kinsan yadda ake, dattijo ya tashi da asuba baki ya karkace, buta ta suɓuce daga hannunsa, magana bata fita, sai ace iska ce ko jifa aka yi masa, a shimfiɗa masa tabarma a ɗaki ana shafa mai ana bashi rubutu har kwana uku. In rai yayi halinsa kafin azahar an kaishi makwanci, ba takarda ba komai. Wani kuma kuɗin hoto da na gado ne yake tsoro. Shi yasa duk adadin da aka samo daga asibiti yana ƙasa da gaskiyar abinda ke cikin gidaje, kuma da wannan adadin ne hukuma take yanke gado nawa za'a ƙara da ma'aikata nawa za'a ɗauka. Masu bincike in suna son gaskiya dole su bi gida gida suna tambaya, har da yadda mamaci ya rasu. Ni ban hana addu'a ba, ayi ta, amma a cikin mota ana hanyar asibiti.

Akwai babban binciken SIREN da akayi a Ghana da Najeriya, Farfesa Fred Sarfo na nan Kumasi yana ciki, sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna hawan jini ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon a wajenmu. Don haka ke da 'yan gidanku kuje a auna ku, ko a kemis ne, a rage gishiri da magi a miya, wanda aka ɗora kan magani kar ya ajiye don yaji sauƙi.

In kuma kika ga baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, ki duba agogo ki riƙe lokacin, ki kira 112 ko ki tare tasi nan take, kar a ɗura masa ruwa ko koko don zai iya shaƙewa. Maganin narkar da gudan jini baya aiki sai cikin awa huɗu da rabi na farko. Maƙwabtan naku ma ku lallashi iyalansu su kaisu, gashin ƙashi na asibiti yana taimakawa ko an daɗe, kuma a duba jininsu kar ya sake bugawa.