Tambaya da Amsa: Wa Ke Zaɓen Inda Za a Jefa Bam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tun da jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Maulidi a Tudun Biri a Disambar 2023, abin yake damuna. Wa ke yanke shawarar inda za a kai hari, kuma me ya sa ake kuskure duk da na'urorin zamani? Daga Malama Hadiza, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Idan sojojin ƙasa da na sama da na ruwa suka haɗu a yaƙi ɗaya, tsarin Amurka da NATO yana bin matakai shida. Kwamanda zai faɗi abin da yake son cimmawa, jami'an leƙen asiri su tantance wurin, a duba makamin da ya dace, kwamandan ya amince ya ba wata runduna aikin, a kai harin, sannan a koma a auna ɓarnar.

Mataki na biyu ne mai nauyi. Ba a dogara da majiya ɗaya: hoton sama, sauraron waya da rahoton mutanen ƙasa, dole su gaskata juna. Akwai kuma jerin wuraren da aka haramta taɓawa, irin su asibitoci, masallatai da makarantu, ga lauyan soja da ke auna ko asarar farar hula za ta wuce amfanin harin.

Dubi Kunduz ta Afganistan, ranar 3 ga Oktoba 2015. Jirgin yaƙin Amurka samfurin AC-130 ya tashi da gaggawa, minti 69 kafin lokacinsa, ba a loda masa wancan jerin ba. A sama na'urar sadarwarsa ta lalace. Da aka harbo masa makami ya kauce nesa, sai lambobin taswirar wurin harin da aka ba shi suka nuna fili fetal. Ma'aikatan jirgin suka koma ga ido, suka zaɓi babban ginin da ya yi kama da wanda aka kwatanta musu. Ashe asibitin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ne, kusan mita 400 daga inda aka nufa. Mutum 42 suka mutu, alhali ƙungiyar ta miƙa wa sojoji lambobin asibitin kwanaki kaɗan kafin nan.

Harsasan sun sami ginin da aka saita. Shaidar wurin ce ta ɓaci, bayanin da ke hedikwata kuma bai isa jirgin ba. Kyamara tana nuna taron mutane da dare, amma ba ta faɗin ko 'yan bindiga ne ko masu Maulidi. Shi ya sa muke ganin wajibi ne a dakatar da hari da zarar sadarwa ta yanke, ko aka rasa majiya ta biyu da ta san garin.