Kada Magagari Ya Taɓa Gefen Minda

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani mutum ya kawo maka tsohuwar mindar kakansa ta yaƙin Burma, azurfar ta yi baƙi, ƙyallen ya ruɓe, yana so ka goge ta har ta yi walƙiya, ka kuma gyara sunan da ke gefenta saboda Turawa sun rubuta shi ba daidai ba, kana tambaya ko da ruwan batir za ka fara ko da injin gogewa. Da wankin azurfa kaɗai ka tambaya da ban amsa ba, domin wanda ya yi shekara huɗu yana jan zuga-zugi a gabana bai kamata ya tambayi abin da yaran Maƙera Assada suka sani tun kafin su yi kaciya ba. Maganar gyaran sunan ce ta hana ni barci, saboda ita ce ta taɓa jawo mini asarar da har yau ban huce ba.

Da farko ka san abin da ke hannunka, domin mindar soja iri biyu ce. Akwai wadda ake raba wa duk wanda ya halarci yaƙi, kamar tauraron Burma mai tsini shida na farin gaci, wanda sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka dawo da shi bayan 1945, kuma galibi Ingila ba ta buga suna a jikinsa ba. Akwai kuma wadda ake ba mutum ɗaya saboda abin da ya yi a rana ɗaya. Yadda ka bayyana taka, wato azurfa ce mai zagaye, kan Sarki Joji na shida a gaba, rubutu layi huɗu cikin kewayen ganye a baya, ƙyalle shuɗi mai ratsin fari da ja a tsakiya, to wannan Military Medal ce, wadda aka ƙirƙiro a 1916 domin waɗanda ba hafsoshi ba, kuma ma'anar rubutun bayanta ita ce saboda jarumtaka a fagen fama. Irinta Samanja Chari Maigumeri ya samu, mutumin da aka sa wa barikin Lokoja sunansa. A gefenta za ka ga lambar soja da muƙami da suna da runduna, an buga su harafi bayan harafi.

Azurfar da ke jikinta ba ta fi ta liyari biyu ba, wato tsohon kuɗin nan na azurfa, kuma mu da muka narka liyari marar adadi muka zuba mundaye da zobba mun san wannan ba dukiya ba ce. Masu tsara waɗannan lambobi sun san haka, da gangan ma suka yi. Lambar jarumtaka mafi girma a Ingila, wato Victoria Cross, wadda Sarauniya Biktoriya ta kafa a 1856 bayan abin da aka gani a yaƙin Kirimiya, ba ta zinariya ba ce, ta tagullar tsofaffin igwa ce da aka ƙwato a yaƙi. Zuba ta ake yi, sannan a gyara ta da hannu, kuma gidan maƙera ɗaya ne a Landan, Hancocks, yake yin ta tun farko. A gaba akwai zaki a kan kambi, a bayan sandar da ke riƙe da ƙyallen ake sassaƙa sunan mai ita, a tsakiyar bayanta kuma ranar da ya yi abin. Jamusawa sun riga su, domin a 1813 Sarkin Furusiya, ɗaya daga cikin masarautunsu, ya fitar da tasa ta baƙin ƙarfe zalla, aka yi mata baki da azurfa, kuma a idona na maƙeri ita ce mafi wuyar haɗawa, saboda dole bakunan azurfa biyu su rungumi ƙarfen ba tare da wuta ta ɓata baƙinsa ba. Ina faɗa maka wannan ba don ina sha'awar duk wanda aka rataya wa ba. Laftanar Wallace Wright ya sami Victoria Cross ne a 1903 saboda karon Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada, makonni kaɗan kafin Turawa su iso Giginya, filin yaƙin Sakkwato, ranar 15 ga Maris, kuma duk Basakkwace ya san abin da wannan shekara ta ci mana. Amma ko wannan tarihi mai ɗaci, da sunan da aka sassaƙa ne ake iya bin sawunsa.

Yanzu ka saurari abin da ya same ni. Ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, lokacin da matan manyan gari ba sa yarda da hannun kowa a kan azurfarsu sai nawa, wani mutum ya zo da babbar riga mai aska takwas da carbi a hannu, ya zauna a kan tabarmata, ya gaishe ni da sunan mahaifina. Ya kwance wani ƙyalle ya fito da minda irin wannan taka, ya ce ta mahaifinsa ce, Baturen da ya rubuta sunan ya haɗa shi da na wani, shi ya sa ofis ya ƙi biyan haƙƙin tsohon, kuma abin da yake roƙo kawai a goge sunan kuskure a buga na gaskiya. Har ƙwalla ya yi. Ya ba ni rabin kuɗi ba tare da ya nemi ragi ba, wanda da ina da hankalin yau da wannan kaɗai ya isa ya sa ni in yi shakka.

Na yi aikin da duk gwanintata, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na naɗe fuskokin biyu da jar fata don kada su ƙuje, na bi gefen da ƙaramin magagari a hankali har haruffan suka nutse ɗaya bayan ɗaya, garin azurfar yana zuba a kan fatar da na shimfiɗa a cinyata. Kwana uku na yi ina ƙera ƙananan kurfi na haruffan boko, ni da ban yi makarantar boko ba, har sai da suka yi kama da na asali. Da ya zo ya duba, ya ce hannuna ya fi na Bature, ya ce zai kawo cikon kuɗi ranar Juma'a.

Juma'ar da ta zo ba shi ta kawo ba, ɗan aiken mai unguwa ta kawo. A zauren na tarar da wani tsoho makaho, tsohon saje, jikansa na riƙe da sandarsa. Ashe mutumin nan ba ɗansa ba ne, ba kuma danginsa ba ne. Ya karɓi mindar ne da sunan zai bi wa tsohon haƙƙinsa, sai ya sa aka buga sunan nasa uban domin ya ci da ita. An gano ta a hannun wanda ya jinginar wa, mai babbar rigar kuwa ya bar gari. Aka miƙa wa tsohon, ya juya ta a tafinsa, ya bi gefen da babban yatsansa har ya zagayo, ya sake zagayowa, sannan ya ce a hankali wannan ba tasa ba ce, domin ya san yadda sunansa yake a ƙarƙashin yatsansa. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sake goge sunan ƙarya na mayar da nasa, amma gefen da magagari ya ci sau biyu ya riga ya sirance, duk mai ido zai ce jabu ce. Azurfar da na tara domin auren ƙanwata ita na ba da diyya, shekara biyu manyan gidaje suka janye aikinsu daga wurina, kuma har tsohon ya rasu ban ji an ce ya sake rataya ta ba. Mutumin nan mai babbar riga ban yafe masa ba, kuma ba na ɓoye wannan.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Kun sami injin gogewa da wutar gas, kun ɗauka duk abin da ya yi ƙyalli ya gyaru, kuna son a gama aiki kafin la'asar a ɗauki hotonsa a sa a waya. Injin nan zai cinye gashin kan sarkin da bakin haruffan cikin minti ɗaya, ruwan batir kuwa zai bar fuskar azurfar fari fat kamar alli. Baƙin da ya kwanta a cikin ramukan rubutu shi ne yake fito da rubutun, kuma shekara tamanin ya yi yana taruwa.

Saboda haka ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun ishe ta. Tsohon ƙyallen kada ka yar, ka naɗe shi ka mayar wa mai shi, ko da ka sa sabo, kuma sabon ya zama launukansa a jere yadda suke. Sunan kuwa, ko da gaske Turawa sun karkata shi, kamar yadda suka karkata sunayen mutanenmu da yawa, haka yake a takardunsu tare da lambar sojan, kuma ranar da ka gyara shi ka raba mindar da shaidarta. Idan mutumin yana son sunan kakansa daidai, ka sassaƙa masa a ɗan allon gaci dabam, a ajiye su tare cikin akwati ɗaya.

Kafin ka yi ko wannan, ka tambaye shi sunan kakan da unguwarsu, ka ce ya zo da wani dattijo na gidansu wanda ya san tsohon. Gobe bayan azahar ka kawo mini ita a naɗe, kada ka sa ta cikin aljihu ɗaya da makullai, ina so in ga gefen da idona.