Ƙaramin sekstan na aljihu: na asali ne, kuma yana aiki?

Tambaya: Malam, na samu wata 'yar na'urar tagulla a cikin kayan gado, zagayayya mai murfi, girmanta kamar gwangwanin man takalmi. A murfin an rubuta "Kelvin & Hughes London 1917". An ce mini sekstan ne na masu jirgin ruwa. Yaya yake aiki, na asali ne, kuma zan iya awon fili da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ke hannunka shi ake kira sekstan na aljihu, ko na gwangwani. Amma bari in fara da rubutun murfin, don a nan gizo ke saƙar. Kamfanin Kelvin & Hughes bai samu ba sai 1947, lokacin da Henry Hughes & Son ya haɗe da Kelvin, Bottomley & Baird. Saboda haka wannan suna da shekarar 1917 ba sa zama wuri ɗaya. Irin wannan tambarin ya cika kasuwannin kayan tarihi, kuma akasari kwaikwayo ne da ake ƙerawa a Indiya domin ado. Ban riƙe taka a hannu ba, amma da wuya a ce ba cikinsu take ba.

Aikin na'urar ɗaya ne tak: auna kusurwar da ke tsakanin abubuwa biyu da ido ke hange. A ciki akwai ƙananan madubai biyu. Ɗaya a kafe yake, rabinsa madubi rabinsa fili, ta nan kake hangen abu na farko kai tsaye. Ɗayan yana juyawa idan ka murɗa maɓallin da ke fuskar na'urar, shi ne ke kawo hoton abu na biyu. Kana murɗawa har hotunan biyu su hau kan juna, sai ka karanta adadin. Da yake hasken ya bugi madubi sau biyu, duk digiri ɗaya da madubin ya juya digiri biyu ne a zahiri, shi ya sa bakan ma'aunin da bai wuce digiri 60 ba yake auna har 120. John Hadley ya gabatar da wannan dabara a Landan a 1731, Thomas Godfrey ma ya gano ta a Filadelfiya a wannan tsakanin. Ƙanƙantar da ita har ta shiga aljihu kuwa sai da Jesse Ramsden ya ƙera injin tsaga ma'auni a shekarun 1770, domin hannun mutum ba zai iya jan layuka masu wannan sirantaka daidai ba. Na aljihun ya bayyana wajen 1800, kuma daga baya gidaje irin su Troughton & Simms da Elliott Brothers suka yi suna da shi.

Wanda ya ce maka na masu jirgin ruwa ne ya faɗi rabin gaskiya. Matuƙan manyan jirage sun fi dogara da babban sekstan, domin a teku kuskuren minti ɗaya na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, mil ɗaya ne na ruwa, mita 1,852. Na aljihun abokin tafiyar safiyo ne da hafsoshin soja da masu keta ƙasa suna zana taswira, ana riƙe shi da hannu ɗaya ko a bisa doki. A teku tsayin rana daga layin da sama ta haɗu da ruwa ake auna shi; a tudu babu wannan layin, sai su zuba zaiba a ɗan faranti, su auna tsakanin rana da hotonta a cikin zaibar, su raba biyu. Wannan ma yana da iyaka: rana na haura digiri 60 a sama, ninkin ya fi ƙarfin ma'aunin.

To, yadda za ka gane gaskiyar taka. Kwance murfin ka ɗaura shi a gindi, dama nan ne wurinsa, ya zama mariƙi. A na asali zaren yana shiga sumul ba gargada. Sai ka ɗaga ɗan gilashin ƙara girman da ke maƙale a fuskar na'urar ka duba ma'aunin. Na ƙwarai yawanci a kan siririyar azurfa da aka dasa cikin tagullar ake tsaga shi, layukan sirara ƙwarai, tazararsu ɗaya, rabin digiri rabin digiri, ga ƙaramin ma'aunin Vernier, wato wanda ke zamewa a gefen babban, da ke kai ka har minti ɗaya. Na kwaikwayo layukansa masu kauri ne, an buga su a kan tagullar kanta, wani lokaci na Vernier ɗin ma bai dace da babban ba ko kaɗan. Ni wannan na fi yarda da shi fiye da kowane suna da aka zana a murfi, don suna kowa na iya rubutawa.

Gwaji na ƙarshe a waje za ka yi shi. Nemi abu mai kaifin gefe da ke nesa, kamar kilomita ɗaya ko fiye, ka haɗa hotonsa biyu su zama ɗaya. Ya kamata ma'aunin ya nuna sifiri ko kusa da shi. In ya kauce da 'yan mintoci amma kullum adadin ɗaya ne, ba laifi, ka rubuta shi ka riƙa cirewa ko ƙarawa. In kuwa ka maimaita sau da yawa kowane karo da amsarsa daban, madubin na rawa ne, kayan ado ke gare ka. Kada ka kuskura ka gwada da rana: baƙaƙen gilasan da ke cikin na kwaikwayo ba abin amincewa ba ne, ido kuma ba ya dawowa.

Batun awon fili, ko na asalin ne ba zan ba ka shawarar kafa iyaka da shi ba. Kusurwar da yake bayarwa ta karkacen da abubuwan biyu suke ce, in ɗaya na kan tudu ɗaya na kwari sai an yi lissafin gyara, abin da tiyodolait, na'urar awon safiyo da ake kafawa a kan ƙafa uku, ke yi da kansa. Don koyo da zanen taswirar wucin gadi dai ya isa. In gwajin ya nuna tsoho ne na gaske, kada ka goge shi da man ƙyalli, domin zai cinye layukan azurfar ya kuma zubar da darajarsa wurin masu tara irin waɗannan kaya. Busasshen ƙyalle mai laushi kawai, ka ajiye shi inda babu danshi.