Amsa ɗaya, maki daban: yadda ake lissafin SAT

Hajiya, kin ce ɗanki da abokinsa a Unguwar Rimi sun ci kusan adadin tambayoyi ɗaya a gwajin SAT (jarabawar neman shiga jami'a, musamman a Amurka), amma makinsu ya bambanta. Ba maguɗi ba ne.

Tun 2023 da aka mayar da ita kwamfuta, jarabawar na daidaita kanta da ɗalibi. Turanci da Lissafi kowanne an raba shi kashi biyu. Idan yaro ya yi ƙoƙari a kashin farko, na biyun zai zo da wuya, kuma ta nan ake kaiwa ga maki mai yawa. Wanda aka ba mai sauƙi ko ya ci duka, akwai iyakar da ba zai wuce ba. Jimillar maki daga 400 zuwa 1600 ne. Ba kamar JAMB ba, inda tambayoyi ba sa canzawa saboda amsarka.

Kuskuren da na fi gani shi ne yara su yi sakaci da kashin farko. Kada kuma ɗanki ya bar tambaya babu amsa, domin ba a rage maki kan kuskure.

Ya riƙa gwaji a Bluebook, manhajar da ake rubuta jarabawar a cikinta. Makin da ake buƙata kuwa, sai ku tambayi ofishin shiga na jami'ar da yake nema.