Tukunyar Naitiros a But ɗin Corolla: Amsoshin Tambayoyinku na Mota

Wasiƙar farko ta fito daga wani matashi a unguwar Rumde Ajiya, Garwa, arewacin Kamaru: "Baba, barka da aiki. Ina da Corolla ƙirar 2006 mai injin 1.8, ta hannu ce, a Duwala na sayo ta. Duk mako ina bin hanyar Gaundare, kuma in na iske tirela a hawan Mbe sai motar ta yi kamar an ɗaure ta da igiya. Wani abokina mai kawo kaya daga waje ya ce zai shigo mini da tukunyar naitiros irin ta finafinan tsere, in danna maɓalli mota ta tashi sama. In saya?"

Barka kadai, ɗana. Kar ka saya. Amma na san halin samari, in aka ce musu kar ba tare da dalili ba, ranar za su aika kuɗi, don haka zauna mu warware.

Naitiros gas ne, ba mai ba ne, shi kansa ba ya cin wuta. Iskar da muke shaƙa, in aka auna nauyinta, kusan kashi 23 cikin ɗari ne oksijin. A naitiros kuwa kashi 36 ne. Idan ya shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300, sai ya tarwatse ya saki oksijin ɗin. Ga shi yana fitowa daga tukunya da sanyin da ya kai digiri 88 ƙasa da sifili, sai iska ta ƙanƙance, silinda ta ɗauki fiye da yadda ta saba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Jamusawa sun sa ta a jiragen yaƙinsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sunan GM-1, don injin ya samu numfashi can sama inda iska ta yi ƙaranci.

To ƙarfin daga ina yake zuwa? Daga fetur. Naitiros fifita wuta kawai yake yi, kamar zugazugin maƙeri. In babu ƙarin gawayi, ƙarfen da ke kusa ne zai sha zafin. Na taɓa riƙe fistin ɗin wata mota da famfon manta ya gaji, mai ita ya yi ta matsa mata a kan hanya. Saman fistin ya huje, ramin ya ɗauki ɗan yatsana, gefensa ya narke kamar kyandir, bakin fulogi kuma ya cinye ƙurmus. Wannan ba da naitiros ba ma ke nan. Da shi, abin da ya ɗauki wancan injin tafiyar awa guda, cikin daƙiƙa kaɗan zai faru.

A nan motar zamani take da wuyar sha'ani. Tsohuwar mota mai kafireta, ka faɗaɗa jet ka wuce wurin. Taka kuwa kwamfuta ce ke auna iska, ta umarci nozul ya fesa mai daidai gwargwado, kuma ba ta san da wani baƙon oksijin ba. Masu haɗa kayan sun fito da hanya biyu. Akwai busasshiya: gas kawai ake fesawa, a tilasta wa nozul ɗin mota ya ƙaro mai. A da ana yin haka ta hanyar matse tiyon da ke mayar da rarar mai tanki, amma injinka, 1ZZ-FE, ba shi da wannan tiyo, don haka sai an shiga kwamfutar an sake mata lissafi. Ka tambayi kanka wa zai yi maka wannan tsakanin Garwa da Marwa, kuma da wace na'ura zai gwada kafin ka hau titi.

Sai jiƙaƙƙiya, wadda ke fesa gas da fetur tare ta bututun iska. Ta fi sauƙin ɗaurawa, amma bututun iskar injinka na roba ne, kuma don iska kaɗai aka zana shi. Fetur kan kwanta a lungunansa, ƙyastu ɗaya ya komo baya, sai ka ji dam, bututu ya tsage. Shi ya sa masu sana'ar ke sa makunni da ba ya barin gas ya fita sai an take totur har ƙasa kuma juyin injin ya haura wajen 3,000 a minti, sannan ya yanke kafin a kai jan layi. Suna kuma jinkirta tartsatsin fulogi da kamar digiri biyu a kan kowane ƙarfin doki 50 (ma'aunin ƙarfin inji) da aka ƙara, su canja fulogi zuwa mai saurin huce zafi. Injinka doki 130 ne ko ƙasa kaɗan ranar da ya fito daga kamfani. Lafiyayyen inji mai silinda huɗu, doki 35 zuwa 50 ake ƙara masa a tsaya. Naka ya yi shekaru a ƙasar sanyi, ya zo ya ƙara wasu a ƙurar hunturu, kuma ba ka faɗa mini ko yana shan baƙin mai ba.

Duk wannan ko a Amurka haka yake. Saura namu na gida, guda biyu.

Na ɗaya zafi. Ana son naitiros ya zauna a ruwa-ruwa cikin tukunya, wajen digiri 30, inda matsinsa ke kai bar 60 da ɗoriya, kusan ninki talatin na iskar tayarka. Da zarar ya wuce digiri 36 da ɗigo 4, ba ya ƙara zama ruwa, matsi ya yi ta hawa, awon da aka yi wa jet ya tashi a banza. Masu tsere a ƙasashen sanyi har bargon lantarki suke naɗa wa tukunya don ta ɗumama. Mu fa? A Garwa cikin Maris da Afrilu digiri 40 a inuwa ba labari ba ne. Ka ajiye mota a rana bakin babbar kasuwa, ka dawo bayan azahar ka buɗe but, ka taɓa jak da hannu, za ka gane. Tukunyar tana da ɗan faifan tsaro da ke fashewa in matsi ya yi yawa, gas ya fice gaba ɗaya. In babu bututun da zai kai shi waje, cikin mota zai cika, kai kuma kana riƙe da sitiyari.

Na biyu zuwa-zuwa, wato man bumburutu. Ba zan yi maka wa'azi ba, ni ma na sha tsayawa gaban mai kwalabe a bakin hanya. Amma man da ya kwana a jarka cikin rana, wani da ruwa, wani da gaurayen da mai sayarwa kaɗai ya sani, ba shi ake ba injin da aka matsa ba. Yau da kullum kwamfuta na jin ƙwanƙwasar inji ta ja da baya ta rufa maka asiri. In gas ya shiga, kafin ta farga an gama.

Ka ƙara da lissafin ciko. Tukunyar da aka fi sayarwa kilo huɗu da rabi take ɗauka. A ƙarin doki 50, in ka haɗa dukan dannawa, minti huɗu ne da 'yan kai, kuma kowace dannawa ba a son ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15. Hawan Mbe ba ya ƙarewa a daƙiƙa 15, ga kwana a kan kwana. Abokinka zai kawo tukunya a wofi, don ba a yarda fasinja ya hau jirgi da cikakkiya ba. Tambaye shi inda za ka cika ta kafin ka tambaye shi farashi. Ban ma taɓo jandarma da masu vizit teknik, wato masu duba lafiyar mota, ba, ko abin da kamfanin inshora zai ce in aka yi hatsari aka ga tukunya a but.

Corolla mai lafiya ba ta jin tsoron wannan hawa. Kai ta a auna matsin kowace silinda da matsin famfon mai, a wanke nozul, a canja matatar iska da fulogi, a goge na'urar awon iska da ke bayan matata, a duba ko salansa ta toshe. Kuma ka sauko giya ta uku tun kafin ka fito daga bayan tirela, injin nan sai ya haura juyi 4,000 yake nuna kansa.

Wani mai walda daga Kusuri ya ce: "Malam, tunda oksijin ake nema, ga tukunyar walda a shagona, ba sai in jona ta ba?"

Malam, ka rufa mana asiri. Abin da ya sa naitiros ke yiwuwa shi ne yana riƙe oksijinsa har sai ya shiga silinda, naitirojin da ke tare da shi kuma na rage zafin wutar. Tsantsar oksijin ba shi da wannan linzami, kuma kai ka fi ni sanin abin da yake yi in ya haɗu da giris. Naitiros na asibiti ma, wanda likitoci ke kashe zafin ciwo da shi, a bar wa marasa lafiya. Na mota ana zuba masa ɗan sinadarin farar wuta mai wari da gangan don kar a shaƙa.

Wata hajiya daga Njamena kuma ɗanta ne ya dame ta a saya masa ɗan akwatin roba mai sunan "nitro", wanda ake sokawa ƙarƙashin sitiyari, wai yana ƙara ƙarfi ya rage shan mai. Hajiya, babu ɗigon gas a cikinsa. Waɗanda suka fasa irinsa sun tarar da 'yan fitilu masu ƙyaftawa ne, ba ya ko magana da kwamfutar mota. In ya nace, ki ba shi kuɗin ya canja baƙin mai da matata.