Layin MTCO1 ya ƙi fitowa, shin maganin ne ya lalata mitokondiriyar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki. Ina digiri na biyu ne a bayokemistiri, aikina a kan hantar babban ɓera ne, mun ba wani rukuni ruwan wani ganye na sati 4 ɗayan rukunin kuma ba mu ba su komai ba, muna son ganin ko ganyen yana taɓa mitokondiriya, wato sassan cikin sel masu samar masa da makamashi. Mun sayi antibodin OXPHOS ɗin nan mai haɗin guda 5, masu gano kompleks 5 na furotin da mitokondiriya take samar da makamashi da su, na yi Westan bulot, gwajin da kowane furotin yake fitowa a matsayin layi gwargwadon nauyinsa, layi 4 sun fito amma na kompleks IV wato MTCO1 babu shi sam a waɗanda suka sha, a waɗanda ba su sha ba ma da ƙyar ake ganinsa, sannan akwai wani layi mai kauri wajen 50 kDa (ma'aunin nauyin furotin) da ya cakuɗe min na sama. Samfur ɗin na dafa shi a digiri 95 na Salsiyas na minti 5 kamar yadda muka saba. Abokan aiki suna cewa in rubuta kawai ganyen ya lalata kompleks IV. Kuɗin da ya rage bai wuce na antibodi ɗaya ko biyu ba. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Don Allah kar ki rubuta wannan maganar tukuna, domin kin riga kin faɗi abin da nake zargi da bakinki, dafawar nan a 95.

MTCO1 ba irin sauran furotin ɗin da kika saba da su ba ne. A nutse yake cikin tantanin ciki na mitokondiriya, yana ratsa tantanin har sau 12, kusan duk jikinsa ƙin ruwa yake sai maiƙo, to da kin tafasa shi a cikin SDS, sinadarin nan mai kama da sabulu da ake warware furotin da shi, maimakon ya warware ya miƙe sai ya dunƙule da 'yan uwansa kamar yadda farin ƙwai yake yi in ya ji wuta, kuma abin da ya dunƙule ba ya iya shiga jel, a bakin ramin zai maƙale. Koma ki duba hoton bulot ɗinki can sama wajen ramukan, sau da yawa za ki ga wani duhu-duhu a wurin, shi ne furotin ɗin naki. Kuma kin ce ko a ɓerayen da ba su sha komai ba da ƙyar ake ganinsa, wannan kaɗai ya isa ya nuna matsalar daga shirin samfur take, don hantar lafiyayyen ɓera cike take da kompleks IV, babu dalilin da zai sa ya yi ƙaranci a can. Ɗan bambancin da kika gani tsakanin rukunin biyu ba abin dogaro ba ne tunda ba ki san nawa ya dunƙule a kowane bututu ba. Gyaran ba ya cin ko kwabo, ki ɗebo sabo daga abin da kika niƙa wanda bai ga wuta ba, ki zuba bafa ɗinki ki ɗumama a 37 na kamar minti 10 zuwa 15, kar dai ki wuce 50. Wanda aka riga aka dafa ya tafi, ba ya dawowa. Sannan ki nemi layin a wajen 40 kDa, duk da a lissafi nauyinsa kusan 57 ne, irin waɗannan furotin masu maiƙo gudunsu a jel ya saba wa lissafi. Sauran layukan 4 kuma ATP5A na kompleks V wajen 55, UQCRC2 na kompleks III wajen 48, SDHB na kompleks II wajen 30, NDUFB8 na kompleks I wajen 20.

Layin nan mai kauri na wajen 50 kuma, ina kyautata zaton ba na mitokondiriya ba ne ma. Antibodin 5 ɗin nan duka a jikin ƙaramin ɓera na lab aka samar da su, don haka antibodi na biyu da kike sawa don ya kama na farko ya bayyana layin an yi shi ne ya kama IgG, wato antibodin cikin jini, na ƙaramin ɓera. Hanta kuwa jini ne fal a cikinta, jinin nan yana ɗauke da IgG na dabbar kanta, babbar sarƙarsa tana zama a 50 ƙaramar a 25, kuma IgG na babban ɓera da na ƙarami sun yi kama sosai har antibodi na biyu yakan kama duka in ba irin wanda aka tace musamman ba ne. Sai ga shi ya zauna daidai tsakanin ATP5A da UQCRC2, wurin da ya fi ɓata miki aiki. Yadda za ki tabbatar mai sauƙi ne, ki yanki rami ɗaya daga membiren ki sa masa antibodi na biyu kaɗai ba tare da na farko ba, in layin ya fito to kin kama shi. Maganinsa a wanke jinin hantar da ruwan gishiri mai sanyi ta jijiya kafin a cire ta, ko ki ware mitokondiriyar daga sauran da santirifuj, ko ki sayi antibodi na biyu da aka rubuta an tace shi daga kama IgG na babban ɓera.

To a ce kin gyara duk wannan kuma MTCO1 ya ragu da gaske a waɗanda suka sha ganyen, nan ne aikin zai yi daɗi, kuma nan nake so ki nutsu. Mitokondiriya tana da furotin sama da 1,000, kundin MitoCarta3.0 na cibiyar Broad a Amurka ya lissafa 1,136 a ɗan Adam, amma guda 13 kacal ne take haɗawa da kanta daga nata DNA, sauran duk daga DNA na cibiyar sel ake yin su a waje a shigo da su. MTCO1 yana cikin 13 ɗin nan. Kompleks II kuwa, inda SDHB yake, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, kacokan daga cibiyar sel yake. Shi ya sa haɗin nan naki yake da amfani fiye da yadda mutane suke ɗauka, in MTCO1 ya faɗi SDHB yana nan daram, abin yana nuni ne ga DNA na mitokondiriya ko injin haɗa furotin nata, irin abin da kuloramfenikol yake yi, maganin nan da aka daɗe ana ba masu taifot, da dokisisaikilin da linezolid, domin ribosom ɗin mitokondiriya, wato injin haɗa furotin ɗin, ya yi kama da na bakteriya, su ma tsofaffin magungunan HIV irin su stavudine ta hanyar rage DNA ɗin suke kawo irin wannan hoton. A irin wannan yanayin ki sa ran NDUFB8 ma zai ragu duk da shi daga cibiya yake, saboda in kompleks I bai haɗu ba sel ba ya barinsa, rusa shi yake. In kuwa duka biyar ɗin suka ragu tare to wata magana ce daban, wataƙila yawan mitokondiriyar ne ya ragu gaba ɗaya, ko kuma kawai furotin ɗin da kika loda a ramin bai kai na sauran ba.

Ko a hakan ma kalmar "ya lalata kompleks IV" ta fi ƙarfin bulot. Layi yana gaya miki yawan ɓangare ɗaya ne daga cikin ɓangarori 13 ko 14 da kompleks ɗin yake da su, ba ya gaya miki ko yana aiki. Sayanaid yana tsayar da kompleks IV cak amma layinsa a bulot ba zai canza ba. In kina son maganar aiki sai kin auna aikin, kuma abin farin ciki wannan ba ya buƙatar antibodi, sifektirofotomita ya isa, ana bin raguwar hasken da saitokurom c, furotin da kompleks IV yake aiki a kansa, yake sha a 550 nm, a auna sitiret sintes, enzayim ɗin da yake nuna yawan mitokondiriya, da sinadarin DTNB a 412 nm a raba na farko da na biyu. Ni a ganina wannan gwajin ya fi miki wani antibodin amfani, kuma masu jarraba ki za su fi girmama shi.

Maganar me za ki saya da ragowar kuɗin, ya danganta da tambayar da kike yi wa hantar, ba wai akwai wani antibodi guda da ake kira na mitokondiriya ba. Kowane furotin da ɗakinsa. TOM20 da VDAC1 a tantanin waje suke, saitokurom c a tsakanin tantanin biyu, COX IV da TIM23 a tantanin ciki, HSP60 da sitiret sintes can ciki a tsakiya. Abin da kike buƙata yanzu shi ne wanda zai gaya miki yawan mitokondiriya ba tare da ya shiga cikin OXPHOS ba, VDAC1 ne aka fi amfani da shi amma yana zama wajen 31 zuwa 32 dab da SDHB, to ki yi shi a wani membiren daban, kuma ki zaɓi wanda aka samar a jikin zomo don ki huta da rigimar IgG ɗin can. Kar ki ɗauki COX IV a matsayin ma'auni a wannan aikin, ɓangaren kompleks IV ne shi ma, in abin da kike aunawa ya faɗi zai iya faɗuwa tare da shi sai rabon ya nuna miki kamar ba abin da ya faru. Akwai wani tarko kuma game da na tantanin waje, in mitokondiriya ta lalace furotin PINK1 da Parkin masu yi mata alamar a kawar da ita suka taru a kanta, furotin na waje irin su mitofusin da TOM20 ake fara tsinkewa tun kafin sel ya haɗiye ta gaba ɗaya, don haka raguwar TOM20 shi kaɗai ba ya nufin mitokondiriya ta ragu, sai kin haɗa da na ciki. In kuɗin ya kai biyu ki ɗauki ɗaya na waje ɗaya na tsakiya. Antibodin aktin ko GAPDH da aka saba nuna daidaiton lodi da su ba sai kin saya ba, ki rina membiren da Ponceau S bayan tiransifa ki ɗauki hoto, ya wadatar wajen nuna kin loda daidai, mujallu da yawa ma yanzu sun fi son hakan.

Na san wani zai ce miki ki sayi saitokurom c don ki nuna mutuwar sel, tunda tun 1996 lab ɗin Xiaodong Wang ya nuna fitarsa daga mitokondiriya tana tayar da afoftosis, wato shirin da sel yake kashe kansa da shi. Gaskiya ne, amma gwajin yana buƙatar ɗanyar hanta da aka raba nan take, ruwan sel daban mitokondiriya daban, in hantar taki ta kwana a firiza ƙanƙara ta riga ta fasa tantanin, saitokurom c zai zubo ko a lafiyayyen ɓera. In kuma za ki saya nan gaba ki lura da lambar kulon, wato lambar da take bambanta nau'in antibodin, 7H8.2C12 shi ne na Westan bulot, 6H2.B4 kuma furotin da bai warware ba yake ganewa, na hoton maikiroskof ne, mutane suna sayen ɗaya su yi aikin ɗayan da shi su yi ta mamaki.

Kafin ki biya kuɗin kowane antibodi ki buɗe takardar bayaninsa ki tabbatar an gwada shi a babban ɓera kuma a Westan bulot, ba hasashe aka yi daga kamannin jerin amino asid ba, kuma ki nemi wanda aka nuna hoton sel da aka cire masa jin (gene) ɗin da yake haɗa wannan furotin, layin ya ɓace. Ina nanata wannan ne saboda abin yana damuna, a 2023 ƙungiyar YCharOS ta Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, sama da rabi suka gaza a aƙalla gwaji ɗaya, waɗanda ake kira rikombinant, wato waɗanda ake haɗawa a lab daga sanannen jerin DNA, su suka fi yin kyau. Sunan kamfani ko tsadar kwalba ba hujja ba ce. Ki rubuta lambar katalog da lambar lot a littafinki tun ranar da ya iso.

In za ki yi rini a yankan hanta daga baya, ki guji hanyar rinin da take dogaro da furotin abidin mai kama bayotin ko ki toshe bayotin ɗin tukuna, domin mitokondiriyar hanta da ƙoda tana da enzayim masu ɗauke da bayotin na asali irin su fairubet kabokziles, za su ba ki rini mai kyau ɗigo-ɗigo daidai inda mitokondiriya take ko da antibodinki bai kama komai ba.

Ajiya kuma, da yanayin wutarmu, ki bi abin da takardar ta ce, in na firiza ne ki raba shi ƙananan bututu tun ranar farko ki cusa su can ƙuryar firiza ba a jikin ƙofa ba, narkewa da daskarewa a kai a kai shi yake kashe shi. Na farkon da kika tsarma za ki iya sake amfani da shi wasu lokuta in kin sa ɗan sodiyom azaid kin ajiye a firij, amma kar azaid ya kusanci antibodi na biyu mai HRP, enzayim ɗin da yake bayyana layin, don yana kashe shi, haka kuma kar ya shiga gwajin aikin kompleks IV don shi ma yana tsayar da shi.

Jel ɗin da za ki fara yi kar ki ɓata samfur ɗin gwajin a kansa. Ki ɗauki hantar lafiyayyen ɓera ɗaya ki raba uku, ɗaya a dafa a 95, ɗaya a 50, ɗaya a 37, ki ƙara rami na zuciyar ɓera don tana da mitokondiriya da yawa layukan biyar za su fito sarai, sai rami na ƙarshe na antibodi na biyu kaɗai. In kin samu hoton ki turo min tare da na Ponceau ɗin, sai mu duba yadda za ki jera ɓerayen naki, kowane ɓera da raminsa, kar ki haɗa hantar rukuni a bututu guda.