Me ya sa alƙaluman H-1B na Amurka ba sa daidaita?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ka ga dubban ɗaruruwan guraben aikin kwamfuta na baƙi a bayanan gwamnatin Amurka, alhali an ce sabbin bizar H-1B (bizar aikin ƙwararrun baƙi) 85,000 ake bayarwa a shekara. Abubuwa daban-daban ake ƙirgawa.

Waccan 85,000 ɗin, 65,000 na kowa ne, 20,000 na masu digiri na biyu ko sama daga jami'o'in Amurka. Ma'aikatan da jami'o'i ke ɗauka ba sa cikin ƙayyadewar, haka ma masu sabunta biza.

Babban tarkon shi ne takardar LCA, wato takardar da kamfani ke bayyana albashi da yanayin aikin a cikinta, wadda Ma'aikatar Ƙwadago ke wallafa bayananta duk wata uku. Kamfani kan shigar da ita kafin ya nemi biza, takarda ɗaya kuma tana iya ɗaukar gurabe da yawa, wasu ba za a taɓa cike su ba. Kada ka ɗauke ta a matsayin ƙidayar mutane. Amfaninta na gaske yana wajen albashi: za ka ga matakin albashin da aka zaɓa, daga 1 zuwa 4, da garin aikin. Tace bayanan da lambar sana'a 15-1252 idan masu rubuta manhaja kake nema.

Don sanin waɗanda aka amince da su, duba rumbun bayanan USCIS, hukumar kula da shige da fice ta Amurka, ka raba sabbin buƙatu da na ci gaba. Shekararsu daga 1 ga Oktoba take farawa. Binciken albashi na BLS, Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka, kuwa ba ya tambayar nau'in bizar ma'aikaci sam.